Daga Gulbin Maradi zuwa Gangarorin Nilu

Ƙanena ya gama karatu a Jami'ar Musulunci ta Yuganda da ke Mbale, sai gida aka ce ni zan je bikin yaye su a madadin kowa, tunda ciwon ƙafa ya hana Baba doguwar tafiya. Jami'ar nan 'yar'uwar tamu ce ta Say. A taron ƙasashen Musulmi da aka yi a Lahor a 1974 aka yanke shawarar kafa su biyun, ta Mbale kuma ta buɗe ƙofa a 1988. Daga Maradi na bi ta Ɗan Isa na tsallaka Jibiya, na kwana Kano, jirgi ya ɗauke mu ta Adis Ababa ya sauke mu Entebbe. Wannan ɓangaren ba wani labari a cikinsa sai zaman jira da kumburin ƙafa.

Hanyar Kampala zuwa Mbale ta Jinja take bi, wajen kilomita 80 daga babban birnin. Za ka wuce gonakin rake na Lugazi, ka ratsa dajin Mabira inda itatuwa suka haɗe sama, kana fitowa ba da jimawa ba sai gadar Nilu, wadda aka buɗe a 2018. Ni aikina ban-ruwa ne a Jiratawa. Kullum a kan rabon ruwa nake: wa zai samu yau, wa zai jira jibi, famfo nawa ke aiki. Mutum irina idan ya ga kogin da ke fitar da wajen mita kubik 1,000 kowane sakan, rani da damina, bakinsa ba ya rufuwa. Na roƙi direba ya ɗan tsaya, ya ce ba a tsayawa a kan gadar.

Bayan biki, a hanyar dawowa, ƙanena ya ce, "Yaya, tunda ruwan nan ya tsaya maka a rai, mu shiga cikinsa mana." Ashe ƙasa da Jinja akwai kamfanoni da ke ɗaukar baƙi a jirgin roba mai iska, su bi da su ta gangarorin kogin, wato wuraren da ƙasan ruwa ke sauka kan duwatsu har ruwa ya yi fari fat yana ƙugi. Kuɗin yini ya haura dalar Amurka 100 kowane mutum, kuɗin da a kasuwar Maradi sai ka yi dogon tunani kafin ka fitar. Da dare muka kira Inna. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ku da ko gulbi ban bari kuka shiga ba kuna yara?" Da ta ga mun riga mun ƙulla, sai ta ce kada mu sa ƙafa a jirgin sai mun karanta Bismillahi majreha wa mursaha.

Abu na farko da ya kamata mai zuwa ya sani shi ne kogin nan a hannun madatsai yake. Inda Bature John Speke ya tsaya a 1862 ya ga Nilu na fita daga Tafkin Biktoriya, gangara ce a lokacin, amma madatsar Owen da aka gama a 1954 ta nutsar da ita. Gangarar Bujagali, wadda a da ita ce abin kallon yankin, madatsar da aka buɗe a 2012 ta shanye ta. A 2019 aka ƙara ta Isimba can ƙasa, tafkinta ya taso ya cinye wasu gangarorin ƙarshe. Abin da ya rage ga masu jirgin roba yanzu shi ne tsakanin Bujagali da Isimba. Ke nan yawan ruwan da za ka tarar ba ga hadarin ranar yake ba, ga abin da masu wutar lantarki suka saki ne da kuma cikar Tafkin Biktoriya. A 2020 tafkin ya cika har ya zarce matsayin da ya kai a 1964, aka buɗe ƙofofi, kogin ya canza kama. Jagoranmu ya ce kafin ya sha shayin safe sai ya duba wani dutse a gaɓa ya ga inda ruwa ya kai masa, daga nan yake sanin wace hanya za a bi a kowace gangara. Wannan magana ta shige ni, don ni ma da sanda mai zane nake fara safiyata a bakin kanal.

Jagoran saurayi ne Basoge, wato ɗan ƙabilar Basoga ta yankin, a bakin kogin aka haife shi. Bai yi mana wasa ba wajen kaya. Rigar ceto ya ɗaure mini da kansa, ya ja maɗaurai har numfashi ya yi mini wuya, sannan ya kama kafaɗun rigar ya ɗaga ni sama. Ya ce idan rigar ta zame ta rufe kunnuwa, to ba ta ɗauru ba, kuma ta wannan kafaɗar ce za a jawo ka cikin jirgi idan ka faɗa. Sai hular kwano. Na tambaya ko saboda duwatsu ne, ya ce duwatsu suna nan, amma Nilu a nan mai zurfi ne, abin da ya fi fasa wa mutane kai da haƙori shi ne filafilin maƙwabcinsu. Shi ya sa doka ce: tafin hannunka ba ya barin kan filafili, ko kana dariya ko kana salati. Agogo, zobe, waya, silifa, duk aka tara a mota. Ni na shiga da dogon wando mara nauyi da riga mai dogon hannu, kuma har yanzu ina ganin na fi masu gajeren wando dabara, don da yamma cinyoyin Turawan da muka shiga tare sun yi jawur.

Turancina na lakkol ne, bai taka kara ya karya ba, ƙanena ke fassara mini. Jagoran ya ce a kan tudu wannan ya yi, amma a cikin ruwa ba lokacin tafinta. Sai da ya tabbatar na haddace umarninsa da kunnena: tuƙa gaba, tuƙa baya, tsaya, a durƙusa cikin jirgi a riƙe igiya. Ya yi ta maimaitawa yana canza jeri har jikina ya riƙa amsawa kafin kaina.

Akwai ma'auni da masu wannan harka suke amfani da shi a duniya, daga mataki na 1 zuwa na 6. Na 1 ruwa ne mai tafiya da 'yan igiyoyi. Na 3 sai da iya tuƙi. Na 5 doguwar gangara ce mai ƙarfi wadda ceton wanda ya faɗa cikinta ke da wuya. Na 6 ba a kai baƙo, ƙwararru ma sai jefi-jefi. A wannan yanki akwai daga na 3 har na 6, lambar kuma ba ta zama wuri ɗaya, ruwa na ƙaruwa ko raguwa sai ta motsa.

Kafin mu ga ko kumfa, a wani lungu mai kwanciyar ruwa, ya sa muka kife jirgin da gangan. Ƙanena ya yi masa alfahari cewa shi ya iya ninƙaya, ya juyo gare ni ya ce, "Yaya, ai iya ruwa fid da kai." Da aka fassara wa jagoran, ya girgiza kai. Ya ce waɗanda suka iya ninƙaya su suka fi ba shi wahala, don suna kokawa da ruwa har ƙarfinsu ya ƙare, alhali riga za ta ɗago su ko sun so ko sun ƙi. Ga abin da ya koya mana. Idan ka faɗa, ka kwanta rigingine, ƙafafu a gaba suna kallon inda ruwa ya nufa, yatsun ƙafa a sama. Kada ka kuskura ka miƙe tsaye a ruwa mai gudu, ko da iya gwiwa ne, don ƙafa na iya maƙalewa tsakanin duwatsu, ruwa ya danne ka ta baya ya kifa fuskarka, kuma ba ka da ƙarfin tashi. Idan ka ɗago ka ji kanka na dukan ƙasan jirgi, ka zaɓi gefe ɗaya ka riƙa tura kanka da hannu, kada ka canza ra'ayi a tsakiya. Idan jirgin ya kife a kanka, akwai iska a ƙarƙashinsa, ka shaƙa ka fita. Numfashi kuma a kwarin igiyar ruwa ake yinsa, ba a ƙololuwa ba, don a ƙololuwa take fashe maka a fuska. Idan aka jefo maka igiya, ka riƙe ta a ƙirji ta bi ta kan kafaɗa kana rigingine, kada ka naɗe ta a hannu, kada ka ɗaura ta a jiki. Igiyar da aka ɗaura wa mutum a ruwa mai gudu ƙasa take kai shi.

Gangara ba a ganinta daga sama, jinta ake yi. Kogi na tafiya sumul, sai ka ga can gaba ya yanke kamar an ja layi, bayan layin farin feshi na tashi, ƙugi na ƙaruwa. Nan na lura da abin da ya fi komai burge ni a yinin. Kafin mu shiga, samari masu ƙananan kwalekwale na mutum ɗaya, waɗanda suke kira kayak, sun riga mu sauka ɗaya bayan ɗaya, kowa ya laɓe a lungun ruwa bayan dutse, wasu dama wasu hagu, suna fuskantar sama. Akwai kuma babban jirgin roba mai dogayen filafilai biyu da ke ɗauke da kayan agaji da abinci, shi kan bi ta hanya mafi sauƙi ya jira a ƙasa. Sai da ɗaya daga cikinsu ya ɗaga filafili sama, alamar kowa ya kama wurinsa, sannan jagoranmu ya ce mu tuƙa. Babu gangarar da muka shiga ba tare da masu jiran wanda zai faɗa sun riga sun tsaya ba.

Na farkon mun wuce su a jiƙe muna ihu. Dabarar, yadda na fahimta, ita ce jirgi ya fi ruwa gudu kuma ya doki igiya da hanci. Idan 'yan jirgi suka tsorata suka daina tuƙi, jirgin sai ya juya gefe, igiya kuma gefe take nema. A wata babba, wajen Bubugo, mun shiga daidai, amma igiyar ta fashe a lokacin da muka hau ta. Na ga hancin jirgi ya miƙe sama, na ga ƙafafun ƙanena a inda kansa ya kamata ya kasance, daga nan sai kore da fari. Ruwan ba sanyi, da ɗumi ma, amma nauyinsa ba a magana. Ya juya ni yadda ake dama fura a ƙwarya, ban san sama ba ban san ƙasa ba. Na dunƙule jiki yadda aka ce, na bar rigar ta yi aikinta. 'Yan sakanni ne, ko da yake a ƙirjina sun yi tsawo. Ina ɗagowa na shaƙi rabin iska rabin ruwa, igiya ta biyu ta rufe ni, ta uku na jira kwarinta na samu numfashi cikakke. Kafin in gama tari hancin kayak na gabana, yaron ciki yana buga shi da tafi. Na rungume shi na naɗe ƙafafu ta ƙasa, ya tuƙa da ni zuwa ruwa mai kwanciya. Jagoranmu kuwa har ya hau bayan jirgin da ya kife, yana nuna mu da yatsa ɗaya ɗaya yana ƙirga kawuna. Sai da lissafi ya cika ya maƙala igiyarsa a gefen jirgin, ya jingina baya da nauyinsa ya birkito shi.

Ba igiyar da ta kifar da mu ce abin tsoro ba, in ji shi, don ita tana wucewa da kai. Abin tsoro rami ne: inda ruwa ke zubowa ta kan dutse ya nutsa, na sama kuma ya dawo baya ya cike gurbin. Abin da ya faɗa ciki sai ya yi ta zagaye a wuri ɗaya. Mafita ta ƙasa take, inda ruwa ke ficewa, ko ta gefe. Ƙananan madatsan siminti da ake yi a kan rafuka ma irin wannan ramin suke haifarwa, kuma nasu ya fi muni don a miƙe yake daga gaɓa zuwa gaɓa ba gefen fita. Da ya faɗi haka sai da gabana ya faɗi, don na san inda yara ke wanka a ƙasan irin wannan gini a ƙasarmu. Na biyu a tsoro itace ne da ya faɗi cikin kogi: ruwa na wucewa ta rassansa, mutum ba ya wucewa.

A Itanda ba mu shiga ba. Tun daga nesa aka tuƙa zuwa gaɓa, muka fito, ma'aikata suka ɗauki jiragen a ka, muka bi wata siririyar hanya ƙafa ba takalmi. Daga kan dutse na ga dalili. Kogin ya rabu tsakanin tsibirai, wannan reshe yana sauka hawa-hawa, rami na bin rami, ƙasa na rawa a tafin ƙafa, magana sai da ihu. Wani saurayi cikin baƙin ya nace wai ai don wannan ya biya kuɗinsa. Jagoran bai ko ɗaga murya ba, ya ce mataki na 6 ne, ba ya kai kowa. Na ce a raina da muguwar rawa gara ƙin tashi. A ƙarshen gangarar ake mayar da jirage ruwa, kuma ko nan akwai wani ƙaton rami da ake ba mutane zaɓi, a doke shi ko a kauce. Ni na koma jirgin agaji na zauna kan akwatin abinci. Ƙanena ya bi masu dokewa, na kuma kalle shi yana fitowa can ƙasa rungume da kayak, ido jawur. Babu wanda ya yi wa wani dariya, ma'aikatan da kansu suke tambaya kafin kowace babbar gangara ko akwai mai son sauya jirgi.

Wannan yanki na Itanda da Kalagala da ke ɗaya gefen wuri ne mai tsarki ga mutanen ƙasar, suna da iskokinsu na ruwa yadda namu masunta suke da nasu. An kuma ba ni labarin samarin Bujagali na da, kafin madatsa, waɗanda ke faɗawa gangarar rungume da jarkar roba don 'yan kallo su ba su na goro.

Tsakanin gangara da gangara ruwa ne shimfiɗe mai tsawo, rana na dukan ka. Nan aka yanka mana abarba. Ga mikiya mai farin kai tana jiran kifi, ga guza a kan dutse, ga masunta cikin kwalekwalen katako ba riga ba komai, mata na wanki a gaɓa. Na tambayi kada, aka ce manyan suna can ƙasa wajen gangarar Murchison, inda kogin gaba ɗaya ke matsewa ta tsagin dutse mai faɗin mita 7. Abin da suka fi gargaɗi a kai ƙanƙane ne: tsargiya, wadda ke zaune a ruwa mai kwanciya inda dodon koɗi yake. Wannan ba baƙuwa ba ce ga ɗan Maradi. Shawararsu ita ce mutum ya je a gwada shi bayan wasu makonni, don ba nan take take nunawa ba. Azahar da La'asar a gaɓa muka haɗa su da muka fito, kaya na ɗiga.

Na dawo gida gab da damina. Gulbinmu ba Nilu ba ne, rabin shekara yashi ne, amma shi ya ci tsohon garin Maradi a 1945 har aka tashi aka koma kan tudu. Kuma yana da hali ɗaya da abin da na gani: ruwansa daga wani wuri yake zuwa. Sai a yi ruwa can ƙasar Katsina, ya biyo ta Jibiya da Madarunfa, ya iske mu nan sama tas ba ko gajimare, mai shanu na tsakiyar mashigi. Ruwan kuma ja ne, ba ka ganin ƙasa, yana ɗauke da itace da ƙaya, gaɓar yashi na zaftarewa. Ta wannan fuskar ya fi Nilu mugunta, don can an san ruwan, dutse ɗaya ɗaya.

Na je Madarunfa na zauna da wani dattijo masunci da muka saba, na kwashe labarin na ba shi. Bai yi mamakin komai ba. Kada a tsaya a ruwa mai gudu, kada a yi gaba da shi kai tsaye sai dai a bi shi a karkace har a kai gaɓa, kada a ɗaura igiya a ƙugu, duk ya ce haka iyayensu suka koya musu, gora kuma ita ce rigar cetonsu tun kaka da kakanni. Da na zo kan samarin da ke sauka su jira a ƙasa kafin kowa ya shiga, sai ya gyara zama.

"Su ba sa ɗaukar kowa? Jira kawai suke?"

"Jira kawai, Baba. Kuma biyansu ake yi."

Ya ce a mashigi kowa ido yake zubawa inda mutum ya shiga, masu kallo duk a sama suke taruwa, alhali wanda ruwa ya ɗauka ƙasa yake yi. Muka yi shawara a kan igiya mai tsawon kamu ashirin da jarka ƙarama da aka rufe da ɗan ruwa a ciki don ta yi nauyin jifa. Mun gwada a bakin tafki, jikokinsa na faɗawa ana jefa musu, har suka gane a wuce da igiyar ta bayan mutum ya fi a jefa ta gabansa. Ya ce ranar kasuwa idan gulbi ya kawo zai sa babban jikansa ya tsaya da ita ƙasa da mashigi. Hular kwano dai ya ce in bar wa 'yan kabu-kabu.